Kyanwar da Ke Ƙarƙashin Bitrus

Ran tara ga Nuwamba, 1574, Allah ya ɗauki ran maigidana Baldassare Tonsi, mai zanen bangon coci a Brescia. Tun da na ji, maganar da na haɗiye shekara goma sha ɗaya ta dawo mini.

Maigida, ka tuna hoton Jibin Ƙarshe na Ubangiji da almajiransa da muka zana wa sufaye a ɗakin cin abincinsu. Kowa ya san ƙa'ida: kyanwa, alamar cin amana, tana zama gindin Yahuza, kare mai riƙon amana yana gindin Bitrus. Ni ka bar wa ƙasan teburin. Yaɓe na bushewa, ina sauri, sai na kifa takardar samfur a baibai na buga mata garin gawayi, zanen ya fito a bango dama ta koma hagu. Kafin in ankara bango ya sha launi, kyanwa tana lasar ƙafar Bitrus, wanda Paparoma ke zaune a kujerarsa.

A shekarar da ake ƙona mutane kan abin da bai kai wannan ba!

Kwana biyu sai ga masu binciken bidi'a. Babbansu ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Hannun wa ke nan?"

Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Kai kuwa ka goge hannu a riga, ka ce, "Ranka ya daɗe, dubi gashin kyanwar nan. Wannan sakaran ko jelar jaki bai iya ba. Nawa ne."

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin kunya irin tata ba. Wata takwas ka yi a tsare. Ka fito yatsunka sun kanannaɗe, ba ka ƙara riƙe buroshi ba. Duk Lahadi nakan kawo maka burodi da cuku, ka ci kana tsokanata, ba ka taɓa tada zancen ba ko a gaban iyalinka.

Uwargida Orsola, matar maigidana, yaranki sun taso ana nuna su da baki, 'ya'yan wanda ya zagi Bitrus. Masu binciken suna nan, na kuma san inda takardar nan da nake rubutawa za ta ƙare. Ina jin tsoro ƙwarai. Amma gobe za a karanta ta a taron ƙungiyar masu zane, da sunana a ƙasa: ni, Tiberio Ganassoni, na zana kyanwar.

Allah ya jiƙanka, maigida, ya sa ka huta cikin salamarsa. Ya ba Orsola da yara haƙurin rashi. Ni kuma, in sun ƙwanƙwasa ƙofa, ya ba ni ƙafar da zan tashi in buɗe.