Na Ce Musu Ƙanena Ne

Lokacin da aka zaɓi maigidana ya tafi Sifen koyon adana albasa, ni yarinya ce 'yar Jega Firchin da aka kai aure Aliero. Karatuna bai wuce allo da 'yan ajin firamare ba, ina da ɗa guda da ban daɗe da yayewa ba. A lokacin Jihar Kebbi na ta tura ma'aikatan gona kwas. Ya ce da mu zai tafi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne sanyi, kada ya kama mini ƙirjin yaro. Har Maiyama na je gwaggona ta haɗo mini magani. Ashe ba ta nan abin zai zo ba.

An sauke mu gidan wata dattijuwa mai karɓar ɗaliban makarantar koyon Sifaniyanci. Da safe mu tafi aji, ita ta riƙe yaron. Mace ce mai kirki, amma na lura tana yawan bi na da kallo. To, ɗan fari ne, ita kuma sa'ar innata ce. A gabanta ba na ɗaukarshi, ba na yi mishi wasa, sunanshi kuwa bai taɓa fita bakina ba. In ya faɗi ya nufo ni da kuka, sai in kau da kai in bar mata. Ni a ganina girmama ta nake yi. Sai mun shiga ɗaki nake rungume abina.

Da maigidana ya wuce gonakin da zai yi kwas, can nesa, aka bar ni in ƙarasa karatun. Wata rana malama ta ce kowa ya yi bayanin iyalinshi da yaren. Ta tambaye ni ko yaron nan ɗana ne. Ga maza a ajin. Na sunkuyar da kai na yi murmushi na ce ƙanena ne, yadda kowace mace za ta ce a gida kowa ya gane. Malama ba ta yi dariya ba. Ta kai wa dattijuwa maganar, suka haɗa da abin da ita dattijuwar ta daɗe tana gani, suka kai wa hukuma.

Bayan 'yan kwanaki mata biyu daga ofishin kula da yara suka zo da ɗan sanda. Na yi ta cewa ni na haife shi, amma ɗan Sifaniyancin nawa ya gudu. Ɗayar ta ce in dai nawa ne, in kira shi da sunanshi su gani. Yana tsaye riƙe da siket ɗin dattijuwa. Da ƙyar sunan ya fito, can ƙasa-ƙasa. Yaron bai ko waiwayo ba, don bai taɓa jin shi da muryata ba. Suka ɗauke shi. Sai a bakin mota ya fara miƙo mini hannu.

An yi makonni ana kai da kawo kafin maigidana ya karɓo shi. Yaron ya dawo a rame, ya daina 'yar maganar da ya fara. Dattijuwa ta yi kuka ta ce ta zaci sato shi muka yi. Ban riƙe ta ba, abin da idonta ya gani ta faɗa.

Yau mun dawo gida, yaron ya isa shiga makaranta, amma in mota ta tsaya a ƙofar gida ƙarƙashin gado yake shigewa. Ni kuwa yanzu sunanshi nake kira da ƙarfi, ko a gaban surukata. Mata na cewa na je Turai na baro kunyata can. Su faɗa. Na gane kunyar da babu wanda ya san ma'anarta a wurin, yaro kaɗai take cuta. Duk wadda za ta fita da ɗan fari, ta kira sunanshi tun daga gida har ya saba da muryarta. Ku kuma masu karatu, ku sa mini shi a addu'a, Allah ya cire mishi wannan tsoro.