Na Je Koyon Dambe, Aka Ce In Zo da Fartanya

Shekarun baya, a daminar farko bayan rasuwar mahaifina a bakin aikin soja, baffana ya ƙyalla ido a kan gonarmu da ke bayan garin Zuru. Hujjarsa ita ce mace ba za ta iya da ita ba, ga ciyawa tana neman shanye dawa. Ya ce wa mahaifiyata in kasuwa ta zagayo ba a nome ba, zai sa yaransa su shiga. Wanda kuwa ya shiga gona ya nome ta, fitar da shi sai ikon Allah. Gonar nan ita ce tuwonmu.

Ni a lokacin saurayi ne siriri kamar karan dawa, ga zuciya a kusa. Sai na ƙudura zan koyi dambe in gyara wa baffa zama.

A unguwarmu akwai wani tsohon soja da ya taɓa zama zakaran damben zamani. Da ya yi ritaya sai ya rataya buhun yashi a jikin mangwaro yana koyar da samari kyauta. Amma an fi saninsa da tsaya wa matan da mazansu suka rasu. Ofis-ofis yake bi da su neman haƙƙinsu, ba ruwansa da ko masallaci mijin yake zuwa ko coci.

Na zayyana masa komai. Ya matsa damtsena ya ce, "Ɗana, wannan hannun ko kaza ba zai kayar ba. Kuma a nan ba mai sa safar dambe sai ya yi noma a gonar marayu. Gobe ka zo da fartanya."

Raina ya ɓaci, amma na je. Muka kama hanya da ayarin samarinsa ina ta ƙunƙuni, har na lura hanyar gonarmu muke bi. Mahaifiyata tana ciki ita kaɗai a duƙe. Da ta ɗago ta gan mu, kuka ta fashe da shi.

Da hantsi sai ga baffa a kan babur, ya zo duba abin da ya riga ya ɗauka nasa ne. Na yar da fartanya na dunƙule hannu. Tsohon ko kallona bai yi ba. Ya tari baffa da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Na san ba za ka bar matar yayanka ita kaɗai ba. An ce lokacin da kake golmo ba mai shan gabanka a gona. Yaran nan sun ce ƙarya ne." Ya miƙa masa fartanyarsa.

Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Namijin da ya yi shi ba ya ƙin karɓar fartanya a gaban yara. Baffa ya karɓa, ya tuɓe riga, ya duƙa. Gaskiya dai ba ƙarya aka yi ba, baya ya bar mu muna haki. Da mahaifiyata ta kawo kunu ya sha, kansa a ƙasa, ya ce, "Allah ya ba da amfani." Bai ƙara tayar da maganar gonar ba.

Damben kuwa ban yi nisa ba. Karon farko da na sa safa, ido a kumbure na koma gida. Noman ne ya zauna min, kuma har yau duk damina samarin da tsohon ya koyar suna fita gonakin marayu, ni ma ina cikinsu. Ina kewarsa ƙwarai.

Ranar da ya rasu, maza suka zauna a wajen makoki suna ta lissafa gwanayen da ya kayar. Da na kai wa mahaifiyata labari sai ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin ya daki kowa ba. Abin da na sani, ba don shi ba da yanzu aron gona nake yi."