Ƙarfen Dafawar Hajiya

Ni dai ban iya zama ba. Tun ina ƙarami mahaifiyata take cewa kamar an zuba mini tururuwa a wando, da na yi ritaya daga aikin hedimasta kuwa sai abin ya dawo sabo. Wata biyu na yi ina zagaya tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na kwance rediyon da lafiyarta ƙalau, na gyara ta har ta daina magana. A ƙarshe na sayo wani tsohon injin walda a kasuwar Laranto, na ajiye shi a rumfar bayan gida, ina liƙe-liƙen ƙafar kujera da murhun gawayi. Ba don sana'a ba. Hannuna nake so ya sami abin yi, kuma wallahi ina jin daɗin ganin ƙarfe biyu sun zama ɗaya.

Gidanmu a kan dutse yake, kamar gidaje da yawa a Jos. Ɗakunan kwana suna sama, ɗakin girki da famfo da ƙofar fita suna ƙasa, tsakaninsu matakala tara da mahaifina ya sa aka zuba tun zamanin haƙar kuza. Fiye da shekara talatin Hajiya, mai ɗakina, tana hawa tana sauka da tukunya a hannu. Sai gwiwarta ta dama ta fara ciwo. Likita ya ce a sa mata ƙarfen dafawa a gefen matakalar kafin damina ta sauka, don simintin in ya jiƙe santsi yake yi, kuma faɗuwa ɗaya a shekarunta ba abin wasa ba ce.

Na ce ai ga mai walda a gida.

Kwana huɗu na yi ina fama. Na yanka bututun ƙarfe, na kafa, na liƙe, na shafa masa koren fenti. Maƙwabta suka leƙo suka ce ma sha Allah. Hajiya ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Ya yi kyau." Ranar Juma'a ƙanena ya zo gaisuwa, shi kuwa mutum ne mai jiki. Ya jingina da ƙarfen yana ba ni labari, sai ji muka yi ƙas! Ƙarfen ya ɓalle daga gindi kamar karan dawa. Allah ya sa ƙanen nawa ya dafe bango. Da na duƙa na duba, ashe waldar a sama kawai ta zauna, tsibi-tsibi kamar kashin kaji, ba ta shiga cikin ƙarfen ba ko kaɗan. Da Hajiya ce fa?

Mai hankali a ranar zai kira wanda ya iya. Ni kuwa sai na ce mata, "Ki ba ni mako biyu. Zan nemi inda ake koyarwa in gyara hannuna. Kafin nan kada ki sauka sai ina nan in riƙe ki." Ta ce to. 'Yarmu ta auta ta ɗauki girkin dare in ta taso daga aiki, ni kuma kafin in fita nakan hau wa Hajiya da ruwan zafi da abin kari, in ga kamar na gama komai.

Daga nan na shiga gari. Na fara da wata cibiyar koyon sana'a. Matar da ke kan tebur ta miƙo mini takarda cikin ladabi ta ce, "Baba, yaron ya zo da hotonsa guda biyu." Na ce ni ne yaron. Ta rufe baki da gyale, ta ce shirin na matasa ne. A wata makarantar aka ce sai in yi rajistar shekara biyu, har da darasin lissafi. Ni da na koyar da lissafi har alli ya cinye mini yatsu! 'Yata ta duba mini a waya, ta samo azuzuwan walda na masu sha'awa irina, da yamma bayan aiki, kowa da teburinsa da hular kare fuska. Na ce maza ina ne? Ta ce wata ƙasa ce da sai an hau jirgi.

Sai na koma wa masu walda na bakin titi, a nan ne kuma na gane inda matsalar take. Ba ƙi suke yi ba. Kunya ce. A wurinsu mai koyo shi ne wanda ake aika, ya yi shara, a daka masa tsawa in ya ɓata aiki. To wa zai daka wa mai furfura tsawa? A unguwar Abattoir na sami wani mai haɗa wa mahauta ƙugiyoyi da tebura, ashe tsohon ɗalibina ne. Yana ganina ya yar da abin hannunsa ya durƙusa. Na ce koyo na zo. Ya share benci da hularsa, ya aika a kawo mini lemo. Da ƙyar ya ba ni guntayen ƙarfe biyu na liƙa. Na san ɓarna na yi, ido ba ya ƙarya. Ya juya shi ya sake juyawa ya ce, "Kai, Hedimasta, ai ka iya!"

"Ka faɗa mini gaskiya," na ce.

"Wallahi da ɗan dama-dama."

Na tashi ko lemon ban sha ba. Haushi kamar in fashe. Shago biyar na shiga a mako guda, ko'ina maganar ɗaya ce: sannu Baba, ya yi Baba, kawo in ƙarasa maka Baba. An ce gemu ba ya hana ilimi. Ƙarya ne, nawa ya hana, don duk wanda ya kalle shi sai ya haɗiye gyaran da ke bakinsa. Mako biyun da na ɗiba suka wuce ina yawo a keke mai ƙafa uku, ina dawowa gida da ciwon baya da baƙin rai.

Wani mai sayar da ƙarafa ne ya ce mini, "Alhaji, kai wanda ya girme ka za ka nema." Ya kwatanta mini wani dattijo a unguwar Kabong da ya yi walda a kamfanin kuza tun yana saurayi. Rabona da Kabong an daɗe, tun da rikici ya canja zaman garin kowa ya koma cikin nasa. Amma na ce a raina mai nema ba ya zaɓen unguwa.

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar fiya, bayan wani coci, da rigar sanyi biyu a jikinsa. Ya ba ni shekara goma sha biyar ko fiye. Idanunsa sun yi fari-fari saboda hasken walda. Na gaishe shi da Baba, abin da na daɗe ban kira wani da shi ba. Ya ce me nake so in haɗa? Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ce sha'awa ce kawai.

"To yi mu gani."

Na liƙa. Bai ko kalla ba. Ya laluba da babban yatsa, ya sa a kan dutse, ya ɗaga guduma ya sauke sau ɗaya. Ƙarfen ya rabu biyu.

"Bai yi ba," in ji shi, da Hausarsa ta 'yan ƙasa. "Wuta ya yi kaɗan, hannunka ya yi sauri. Ina kake gudu zuwa? Ana koranka ne?"

Wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Na yi shekaru ban ji an ce mini bai yi ba. Na ce, "Baba, ƙara faɗa."

"Kai mahaukaci ne? Ɗauko wani."

Haka muka fara. Kullum da safe in tafi, sai la'asar in dawo. Da kunne yake koyarwa. Ya ce walda mai kyau ƙararta kamar ana soya ƙosai ce, a jere, ba tsalle. In ya ji tawa tana tari sai ya buga sandarsa a ƙasa: "Ka ɗaga hannu da yawa! Sauke!" Ya hana ni baƙin tabaran da nake sawa, ya ba ni tsohuwar garkuwar fuskarsa, bayan wata safiya da na zo idona jawur kamar an watsa mini yashi, matarsa ta yanka dankalin Turawa ta ɗora mini a kai tana yi mini faɗa ita ma. Ya koya mini in goge tsatsa kafin in fara, in kankare baƙin ɓawon da ke rufe ɗinkin waldar in ga abin da ke ƙasa. Duk abin da na haɗa, guduma ce alƙali. Na farko-farko bugu ɗaya suke mutuwa. Daga baya suka fara kai uku, huɗu.

Ina dawowa gida da ƙananan ƙuna a hannun riga, ina cin tuwo malmala biyu, ina ba Hajiya labarin zagin da na sha. Ita kuma tana dariya. In ta ce, "Yaya aikin namu?" sai in ce saura kaɗan. Mako biyu ya zama bakwai. Na ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na ga an yi yayyafin farko, na ce a raina bari dai ɗinkina ya jure guduma goma. So nake in an tambaya a ce Malam ne ya yi da hannunsa. Girman kai rawanin tsiya, na sha faɗa wa ɗalibai wannan.

Wata Talata aka tashi da ruwa har da ƙanƙara, aka ɗauke wuta a Kabong tun hantsi. Dattijon ya ce in tafi gida, yau babu aiki. Na iso kafin azahar, lokacin da ban saba dawowa ba. Na tura ƙofa.

Hajiya tana kan matakala ta huɗu, a zaune. Da zama take saukowa. Ta dafa hannu biyu a jiƙaƙƙen siminti, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta ja jiki zuwa ta gaba, ta huta. Zanenta ya jiƙe sharkaf. Ta rataya butar alwala a wuyan hannu. Da ta gan ni sai ta yi saurin gyara ɗankwali, kamar ita ce ta yi laifi.

"Hajiya! Ba na ce ki jira ni ba?"

"Ruwan ne ya ƙare, Malam. Ga azahar ta kusa."

"Tun yaushe kike haka?"

Ta ce, "Tun da ka fara fita. Ba kullum ba."

"Me ya hana ki ce in kira mai walda?"

"Na ga kana cin abinci. Na ga kana dariya." Ta kalli gwiwarta. "Kuma kai, wa yake iya gaya maka?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na zagaye Jos ina cigiyar wanda zai faɗa mini gaskiya a kan guntun ƙarfe, ban taɓa tsayawa na tambayi matar da nake yi domin ta yadda take wuni ba. Na kama ta muka ƙarasa sauka, na ɗebo mata ruwan, na kawo mata busasshen zane, da ta yi salla na riƙe ta na mayar da ita sama.

Ko zama ban yi ba na fita. A bakin titinmu akwai mai walda da nake wuce shagonsa kullum ina ɗauke kai. Na ce ya ɗauko janareto ya biyo ni yanzu-yanzu. Ya auna, ya yanka, ya ce in riƙe masa bututun in kau da fuska. Na riƙe. Ina jin ƙarar waldarsa a jere, ba tari ko ɗaya. Da ya zo gindin ƙarshe ya hango injina a rumfa, ya miƙo mini abin hannunsa.

"Baba, ko za ka sa albarka a wannan?"

Hannuna har ya motsa. Na ce, "A'a. Yi abinka, ni zan riƙe."

Kafin magariba ya gama. Na haye kan ƙarfen da dukan nauyina, na jijjiga, bai motsa ba. Sannan na kira Hajiya. Ta sauko a tsaye, matakala tara, hannunta a kan aikin wani, ni ina ƙasa ina kallon ƙafafunta.