Ranar da Na'ura Ta Koya wa Jiratawa Shukar Tumatir

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da alli, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Talatar da Ansifekta ya zo ajina a Jiratawa don ya ga yadda nake koyarwa da intanet ba. Tunda a taron nan namu na Tibiri kun ce in ba ku labarin shafukan kyauta da yadda ake aiki da su cikin aji, to ga nawa labarin. Mai son dariya ya yi abarsa. Ni dai na daɗe kafin na iya yin ta.

Lokacin ina riƙe da aji biyar, wanda muke ce wa CM1, a wata lakwal, wato makarantar firamare. Gidana kuwa yana Sabon Gari, cikin Maraɗi. Kullum da safe kabu-kabu ke kai ni, da yamma ya maido ni, ga goyo ga jakar littattafan yara. Sau uku ina rubuta takardar neman a maido ni cikin gari, sau uku ana ce mini tana kan tebur. Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, irin wannan takarda ba ta tashi daga kan tebur sai malami yana da maki mai kyau. Makin kuwa Ansifekta ke ba da shi, bayan ya zauna a bayan aji ya kalli darasi daga farko har ƙarshe.

A farkon shekarar aka kira mu horo na kwana uku, a wani zaure mai sanyi a unguwar Zariya. Mai horarwar daga Yamai ya zo, da kwat da ɗan siririn gemu. Ya nuna mana shafuka iri-iri: masu bidiyo, masu taswira, da masu wasan tambaya da amsa, waɗanda ke tafa wa yaro in ya ci, su yi masa ƙara in ya faɗi. Bayan kowane shafi sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kuma duk kyauta ne." Wani abokin aikinmu ya miƙe ya ce shi ajinsa na zana ne, ko ƙofa babu, ina zai soka wayar wuta? Mai horarwa ya ce wannan tambaya ce mai matuƙar muhimmanci, sannan ya duba agogo ya ce lokacin shayi ya yi. Rana ta uku aka ba kowa takardar shaida.

Diraktanmu, Mushe Laminu, wato Malam Laminu a Faransance, mutum ne da ba ya iya cewa "ina kwana" da Hausa muddin akwai baƙo kusa. Da na nuna masa takardar shaidar, ya karɓa ya rataye ta a ofishinsa, sama da kujerarsa, ko da yake sunana ne a jiki. Ba tare da ya gaya mini ba, ya rubuta wa manya cewa lakwal ɗinsa ta shiga zamanin na'ura. Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, amsa ta zo: Ansifekta na tafe ranar Talata ta sama.

"Madam Rabi," in ji shi, "wannan rana ta lakwal ce, amma makin naki ne. Kin gane ko?"

Na ce, "Na gane, Mushe Dirakta."

Cikin kwana shida ya haɗa abin da lakwal ɗin ba ta taɓa gani ba. Aka kwashe ƴan aji shida daga ɗakin siminti aka zuba nawa. Aka aro injin haska hoto a bango, aka aro ordinater, wato kwamfuta, wajen surukinsa, aka aro gurup, wato injin wuta, wajen wani mai cajin salula a bakin kasuwa. Rezo kuwa, wato sabis na waya, duk faɗin lakwal ɗin wuri ɗaya yake kamawa, tagar gabas, shi ma sai an miƙa hannu waje. Dirakta ya ce shi da kansa zai riƙe salular da za ta jawo mana intanet, don aiki ne mai nauyi.

Sannan ya zo kan yara. Ajina ya haura saba'in. Ya ce ɗakin ba zai yi kyau a hoto ba in an cika shi, don haka masu nauyin kai su je su zauna da ƴan aji huɗu ƙarƙashin itacen bedi, a aro mini masu kaifi goma daga aji shida. Na yi yadda ya ce. Ina son komawa Maraɗi. Yarinya ɗaya ce ta gagare shi kora, Zulai, wadda ke maimaita ajin, Faransancinta kuwa sai a hankali. Kakanta, Baba Mati, shi ne shugaban kwamitin iyaye, kuma an gayyace shi. Aka ajiye ta can lungun baya.

Darasin ni na zaɓe shi, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce tunda Jiratawa garin lambu ne, bari in yi musu rayuwar tumatir, daga iri zuwa ɗiya. Na sami wani shafi na kyauta mai bidiyo da tambayoyi goma a ƙarshe. Turawa suka yi shi don ƴaƴansu. Tambaya ta huɗu ta ce, a wane lokaci ake shuka tumatir? Amsar da na'ura ke tafa wa ita ce *printemps*, lokacin da ƙanƙara ke narkewa a ƙasarsu. Na gani, na kuma san a wajenmu ba haka ba ne. Amma shafin ba ya bari a gyara, wani nema kuwa zai cinye mini forfe, wato kuɗin intanet, da lokaci. Sai na sa yara suka haddace. Suna ce masa "farantan". Na kuma hore su da abu ɗaya: duk rubutun da ya bayyana a bango, su karanta shi tare da murya ɗaya, kada su jira in ce.

Ranar Talata da hantsi motar Ansifekta ta tsaya. Babban mutum ne, ta kowace fuska. Sai da aka canza masa kujera, don ta farko mai hannu ce. Ya zauna a baya da littafinsa da hankicinsa, Baba Mati na gefensa da hula da carbi, ƙafarsa da sauran laka ta lambu. Gurup na ruri a bayan ɗaki, an rufe tagogi, ban da ta gabas, don hoto ya fito, zafi kamar a tanda. Mushe Laminu na tsaye a tagar gabas, cikin kwat, hannu ɗaya a waje.

Da farko abin ya tafi lafiya. Iri ya tsage a bango, saiwa ta sauka, ganye ya buɗe, yara suka yi "laaa" da gaske, ba ta haddace ba. Ansifekta na gyaɗa kai yana rubutu. Na fara jin ƙanshin Sabon Gari.

Abin da mai horarwa bai gaya mana ba shi ne, shafin kyauta da talla yake ci. Ana tsakiyar bidiyo tumatir ya ɓace, wani ƙaton ciki ya cika bango, da manyan baƙaƙe a ƙasansa. Kafin in kai hannu, yara arba'in da ƴan kai suka buɗe baki suka karanta da Faransanci tsantsa, murya ɗaya: "Rage tumbinka cikin kwana bakwai!" Tallar ba ta tsallakuwa sai ta yi daƙiƙoƙinta, don haka suka maimaita. Duk shekarar ba su taɓa karatu mai tsabta irin wannan ba. Ansifekta ya janyo littafinsa ya ɗora bisa cikinsa. Dirakta ya waiwayo don ya harare ni, hannunsa ya shigo ciki, rezo ya ɗauke, cikin nan ya daskare a bango har sai da ya sake miƙa hannun.

Na wuce zuwa tambayoyi. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, na'ura na tafi. Da ta huɗu ta fito, hannuwa suka tashi, ana "Madam, ni! Madam, ni!" Ansifekta, wanda ransa bai gama hucewa ba, ya ce, "Ba na gaba ba. Waccan ta lungu, wadda ba ta ɗaga hannu ba."

Zulai ta miƙe. Ta san "farantan" kamar kowa, kwana biyar muna rera shi. Ta dube ni, ta dubi kakanta, ta sake dubana. Sannan ta ce da Hausa, a hankali, "Madam, in an gama girbin hatsi, sanyi ya fara shigowa."

Ansifekta ya ce in danna abin da ya yi daidai da amsarta. Na danna lokacin kaka. Na'ura ta yi wata ƙara mai muni, wani jan tumatir ya fito yana zubar da hawaye. Ƴan aron aji shida suka fashe da dariya. Ansifekta ya ce, "Kuskure. Zauna."

Baba Mati bai ji Faransanci ba, amma ya ji ƙarar, ya kuma ga jikarsa ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Madam, mi anka ce ta yi?"

Na ce, "Baba, an ce ba ta ci amsar ba."

"Wa ya ce?"

Dirakta ya amsa daga taga, "Na'ura ce, Baba. Ilimi ne na duniya."

"To, madalla. Ina lambunta yake, ita na'urar?"

Ya juyo gare ni. "Ita yaushe ta ce a shuka?"

Na ce, "Farantan, Baba."

"Wane wata ke nan a namu?"

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Maris, Afrilu, zuwa Mayu."

"Yanzu ke nan?" Ya dubi Ansifekta, wanda ke matse hankicinsa karo na uku. "Mushe, cikin wanga zafi? Wanda duk ya shuka tumatir yanzu a Jiratawa, fure ɗaya ba ya tsayawa, duk zubewa zai yi. Yarinyar ga tun tana shekara shida take yi mini dashe." Bai ɗaga murya ba. Ya ja carbinsa sau biyu, sannan ya ce, "Su waɗanda sunka yi abin, ban ga laifinsu ba, ƙasarsu sunka faɗi. Amma ke, Madam, kullum ta gefen lambunanmu kike wucewa. Kin san haka ko ba ki sani ba?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"Kin sani, kinka sa su haddace."

Ya tashi, ya yi wa Ansifekta sallama cikin ladabi, ya ce ruwa na jiransa a lambu. Sauran tambayoyi shida muka yi su, na'ura ta tafa sau shida. Ban ji ko ɗaya ba.

Bayan sati biyu rahoto ya fito. Na yi zaton kashina ya bushe. Ashe maki mafi kyau da na taɓa samu ke ciki. An yaba mini da ƙwarewa wajen sarrafa kayan zamani da kuma yadda yara ke karatu tare. Gyara biyu kawai aka ba ni: in riƙa kula da abin da ke fitowa a bango, kuma nan gaba a taƙaita sa bakin iyaye cikin darasi. Ba a ambaci tumatir ba ko a layi ɗaya. Ƙarshen shekara aka maido ni Maraɗi. Ban ƙi ba, kada in yi muku ƙarya.

Amma kafin in tafi, wata Alhamis na kwashi ajina gaba ɗaya, har da waɗanda aka ɓoye ƙarƙashin bedi, muka tafi lambun Baba Mati. Sai da na durƙusa na ba shi haƙuri kafin ya buɗe mana ƙofa. Na ɗauki hotuna da salulata: gadon iri, dashe, hanyar ruwa, tsutsar da ke huda ɗiya. Shi ya yi bayani, Zulai ta nuna da hannu, ni na riƙa ba su sunayen da Faransanci. Daga baya na gano akwai wani shafi, shi ma na kyauta, inda malami ke rubuta tambayoyinsa da amsoshinsa da kansa. Yamma ɗaya ta ishe ni. Da tun farko na nema, da na samu. Babu gurup, babu injin haskawa. Salula ɗaya muka riƙa zagayawa tebur-tebur, yaran da aka ce masu nauyin kai ne suna gardama kan kwana nawa iri ke yi kafin a dasa shi.

To, ga abin da na ɗauka, ku ma ku ɗauki wanda ya yi muku. Shafukan nan na da amfani, har yau ina aiki da su, kuma ina sa malaman da nake shugabanta yanzu su yi. Sai dai ku kalli bidiyo har ƙarshe kafin yara su gani, ku sauke shi tun a gida don talla kada ta yi muku sallama, kuma duk amsar da na'ura ta ce daidai ce, ku tambayi kanku daidai a wace ƙasa. Game da mutanenmu kuwa, na koyi cewa a aikin nan ana iya ba ka maki mafi girma a ranar da ka yi darasi mafi muni, kuma duk masu sa hannu su sa hannu da zuciya ɗaya. Ranar nan akwai mu uku masu takardun shaida cikin ɗakin, dukanmu muna cin tumatirin Jiratawa a miya, dukanmu mun san lokacin da yake cika kasuwa. Amma muka tsaya muna kallo aka ce wa yarinya ta zauna, don ta ƙi yin ƙarya gaban kakanta.