Birkin Ƙafar Maigandi

Ƙanena Maigandi ya yi shekara arba'in yana gyaran keke a gindin wani dogonyaro a Gwadangaji. Bai yi arziki ba, bai kuma nema ba. Kekensa ke kai shi masallaci da kasuwa da gonar shinkafarsa ta Zauro, kuma bai taɓa yarda wani ya goya shi a babur ba.

Da ya haura saba'in, sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, ya kasa matse birki. Wata Laraba ya shige cikin tulin albasar wani bawan Allah a kasuwa. 'Yarsa Zakiyya, ma'aikaciyar jinya ce kuma ba ta wasa, ta ce in ya sake faɗuwa ko sau ɗaya za ta sa wa keken kwaɗo.

Sai ya tafi Argungu wurin Kalilu, tsohon abokin sana'arsa, ya samo cibiyar tayar baya irin wadda in ka mayar da feda baya take cin birki. Kwana tara yana ɗaura sifok, wato wayoyin taya, ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan nasa. Ya ciro sirdi daga wani mataccen keke, sarƙa daga wani, ya cire wayoyin birkin hannu ya yar. Aikin ya yi kyau, ban hana shi ba.

Abin da ya manta shi ne ɗabi'ar tsofaffin garinmu. In suna kan keke suka hango na gaisawa, sai su daina tuƙi, su ɗaga hannu, su riƙa juya feda baya a hankali har gaisuwa ta ƙare.

Ranar farko ina zaune ƙofar gida ya ɓullo, hula a karkace. Ya ɗaga hannu, ya ce, "Yaya, ina kwa..." Keken ya tsaya cak. Shi bai tsaya ba. Ya sauka cikin yashin ginin maƙwabta.

Ya miƙe yana kaɗe riga. "Yaya, mi kika gani?"

Na ce, "Tsoho na gani ya tashi sama."

"Don Allah kada ki hwaɗa ma Zakiyya."

"Ba ni kai tsegumi. Amma in ta tambaye ni, ba ni ƙarya."

Daga nan ya daina gaisuwa a kan keke. Ya riƙa wucewa ido a kan hanya, baki a rufe. Mako bai cika ba aka fara zuwa wurina. Wai Maigandi ya yi girman kai, wai ya wuce liman ko kallo. Har Kalilu ya bugo waya daga Argungu yana tambaya ko kunnensa ne ya mutu.

Yanzu sauka yake yi. Duk wanda ya gani, sai ya taka birki, ya sauko, ya tambayi gida da gajiya da ruwan fadama, ya sake hawa, taku ashirin ya sake sauka. In ya fita da hantsi, sai azahar yake isa Zauro.

Da Zakiyya ta zo hutu ta ce mini, "Gwaggo, Baba na gudu da keken nan?"

Na ce mata gaskiya, jiya wata akuya mai ciki ta wuce shi. Ta yi dariya ta bar masa abinsa. Ba ta tambayi yashi ba, ni ma ban ɗauko zancen ba.