Ranar da Baba Ya Shiga Ramin Tagulla da Ƙafarsa

Laifuffukana suna da yawa, kuma ba na ɓoye su. Ina da saurin fushi. Nakan ɗaga murya a kan wanda ya girme ni. Na yi wa Yayata ƙarya, har a ranar da zan ba da labarinta. Duk waɗannan na roƙi Allah gafara, ina kuma kan roƙo. Amma abin da dangi suke so in ce na yi nadama a kansa, wato shigar da Babanmu ramin tagulla, wannan kam ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba.

A Makka aka haife mu, ni da Yaya, a unguwar Zahir. Ni direban bas ne, ina kwasar alhazai daga tashar Kudai zuwa Harami. Karatuna bai yi nisa ba. Baba kuwa da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi, ya biyo ta Chadi da Sudan, yana haƙa wa mutane rijiya a hanya don ya samu na abinci. Da ya iso Makka ya kama aikin shibriyya. Yaran yanzu ba su san ta ba. Wani ɗan gado ne na katako, a ɗora tsoho ko marar lafiya a kai, maza huɗu su ɗauka a ka su yi ɗawafi da shi. Baba ya yi wannan aiki har gashin tsakiyar kansa ya ƙare, kafin kujeru masu taya su zo su kashe sana'ar.

Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, Yaya ta dawo gida jinyarsa. Ta yi abin da ni ban iya ba, wannan gaskiya ce. Sai dai likita ya ce a riƙa sa shi tafiya kaɗan-kaɗan, ita kuwa tsoron faɗuwa ya hana ta barinsa ya taka ko tsakar gida. Daga gado sai kujera mai taya, daga kujera sai gado. Ni ma ban ce komai ba, domin kujerar ta rage mini wahala. In leƙo in gaishe shi daga bakin ƙofa, in wuce.

Abu ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba, a ɗaga shi sama. A kama hannunsa, a tallafi hammatarsa, duk ya yarda, amma ƙafarsa ba za ta bar ƙasa ba. Yakan ce, "Na ɗauki mutane a kaina, na ga yadda suke runtse ido don kunya. Ba mai ɗaukata sai ranar makara."

Wani ɗan'uwanmu ya aurar da ɗansa a can duwatsun kudu, gaba da Ɗa'ifa. Na aro motar abokina muka tafi mu uku. A hanyar dawowa na hango allo yana nuna wata tsohuwar mahaƙar tagulla da aka mayar gidan tarihi. Wani direba ya taɓa ba ni labarinta, ni kuma ina da son gani. Na san Yaya ba za ta yarda mu ratse ba, sai na ce mata injin ya yi zafi, gara mu tsaya ya huce mu yi Azahar. Ƙarya ce, lafiyar injin lau. Kuma ba don Baba na tsaya ba, don kaina ne.

Wurin yana tsakanin baƙaƙen duwatsu, ba itace ko ɗaya. Akwai wani dogon ɗaki mai sanyi, an jera kayan mutanen da a cikin gilashi: gudumar dutse, dutsen niƙa, fitilun yumɓu, da guntayen duwatsu masu kore-kore. Na turo Baba har gaban duwatsun. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Irin koren da munduwar uwarku take yi in ta daɗe a akwati." Yaya ta juya kai ta gyara mayafinta.

A bayan ɗakin ne bakin ramin yake, a jikin dutse, da matakala tana gangarawa ciki. Iska mai sanyi tana fitowa, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya ɗaga kai ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Rabona da wannan ƙamshi tun Sudan," in ji shi. "Zan shiga."

Mai kula da wurin wani dattijon Balarabe ne mai furfura a gemu. Ya ce kujera ba ta shiga, mamnu'i ne, wato an hana, saboda matakala. Nan halina ya tashi, na hau shi da faɗa, na ce raini ne don ya ga mu baƙaƙe ne. Mutumin bai ce mini komai mai zafi ba, kuma shi ke da gaskiya. Ya bari na gama haushina, ya ce duk mai iya tafiya da ƙafarsa ba ya hana shi, in dai ya sa hular kwano.

Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi. To, an gama. Kai, juya kujerar mu tafi."

"Wa ya ce an gama?" in ji Baba.

Na durƙusa a gabansa na ba shi baya. "Hau, Baba, in goya ka."

Ya ɗauki sandarsa ya ƙwala mini a kafaɗa. "Tashi, ɗan banza! Ka ga na mutu ne?"

Ya dafa hannun kujera ya miƙe, jikinsa yana rawa. Ya ce in juya in tsaya a gabansa, ya ɗora hannunsa na dama, mai lafiyar, a kafaɗata.

"Saurara, Direba," haka yake kirana in yana so ya tsokane ni. "A shibriyya na baya ba ya ganin ƙasa. Na gaba ne yake faɗa masa. Duk abin da ƙafarka ta taka, ka faɗa kafin tawa ta iso. Kuma ko me ka ji a bayanka, kada ka waiwayo. In ka waiwayo kafaɗarka za ta juya, alhaji ya faɗo."

Yaya ta sha gabana. "Wallahi in wani abu ya same shi, ni da kai ne har mu mutu."

Na ce, "Yaya, ba ni hanya." Da ƙarfi na faɗa, ban kuma kalli fuskarta ba.

Dattijon ya kawo hular kwano. Baba ya ƙi cire tasa hular, sai aka kifa masa a kai. Ya ce, "Kan nan ya ɗauki wani alhaji Baturke da sai da muka huta a tsakiyar ɗawafi, yau kuma shi ake kifa wa kwano." Na fassara wa dattijon, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Muka fara sauka, dattijon a gaba da tocila. Yaya ta tsaya a bakin ramin riƙe da kujera ba kowa a ciki. Ina cewa, "Mataki. Wani matakin. Fili. Tsakuwa, Baba. Sunkuya, dutse ya sauko." Ina jin ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa, ina jin yatsunsa suna nitsewa a kafaɗata. In na yi sauri ya ce, "Ba bas kake ja ba." Dattijon ya rage tafiyarsa ba tare da an roƙe shi ba.

A ƙasa ramin ya buɗe kamar ɗaki. Tocila ta haska bango, ga koren tagulla ya bi jikin dutsen layi-layi, ga sawun sara ko'ina. Baba ya jingina da bango ya saki kafaɗata, ya sa yatsunsa cikin sawun yana shafawa.

"Mutum ne ya yi wannan, a durƙushe," in ji shi. "Mu a rijiya in ka ɗaga kai kana ganin sama kamar faifai. Waɗannan ko saman ba su gani. Sun fi mu zuciya." Ya jira numfashinsa ya dawo. Can ya ce, "Kai, na ji daɗi." Rabon da in ji ya faɗi haka, tun kafin ciwon.

A hawa ne abin ya faru. Mun kusa fita, har ina hango Yaya a cikin haske. Sai na ji numfashinsa ya yi nauyi. Na waiwayo. Kafaɗata ta juya kamar yadda ya faɗa, hannunsa ya zame, ya tafi gefe ya dafa matakala. Na ji ƙarar ƙashin.

Yaya ta yi ihu ta sauko a guje. Ni da dattijon muka sunkuya za mu cicciɓe shi.

"Kada wanda ya ɗaga ni!" Gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin kwanon. Ya dube ni. "Ban ce kada ka waiwayo ba?"

"Ka faɗa, Baba."

"To juya."

Yaya tana kuka tana roƙonsa, "Baba, don Allah, don Annabi." Bai saurare ta ba. Ita da dattijon suka tallafi hammatarsa ya miƙe, ya jingina ƙirjinsa a bayana, hannun da ya karye yana lilo. Na ce, "Mataki." Haka muka fito, da ƙafarsa.

A asibitin Ɗa'ifa aka ɗaure hannun. Daga can muka gangaro dutse muka shiga Makka. Hannun da yake cin abinci da shi ne ya karye, don haka ita ta riƙa ba shi a baki, kowane cokali sai ta harare ni. Ban ga laifinta ba.

Amma tun kafin a kwance ɗaurin, wata rana da la'asar na leƙo gaisuwa, ya ce, "Direba, zo ka tsaya a gaba." Muka taka har masallacin unguwa, ya rataya hannun a kafaɗata. Daga ranar kullum sai mun je. Ina cewa, "Kwata. Mota, tsaya. Mataki." Masu shaguna suna tasowa suna gaishe shi. Sau da yawa na ji numfashinsa ya yi nauyi a bayana, ban ƙara waiwayowa ba.

Da ya rasu Yaya ta ce faɗuwar nan ce ta ci shi a hankali. Ko haka ne, ko ba haka ba, Allah ne ya sani. Manyan dangi suka zaunar da ni suka ce in ba ta haƙuri. Na je na durƙusa. Na ce ta yafe mini ƙaryar inji, ta yafe mini tsawar da na yi mata, ta yafe mini waiwayen da na yi.

Ta ce, "Shigar da shi ramin fa?"

Na ce, "Wannan ban roƙe ki ba, Yaya."

Har yau muna gaisawa sama-sama, kujerar kuma tana ɗakinta a lulluɓe. Ina kai mata cefane, ta karɓa, ta rufe ƙofa. Ina fatan ranar da za ta huce, amma ba zan sayi hucewarta da ƙarya ba, na yi mata ƙarya ta isa.

Ranar jana'iza ni na kama gaban makara muka shiga Harami da shi. Da muka zo matakala na ji bakina ya ce, "Mataki, Baba." Mutumin da ke gefena ya dube ni. Na ci gaba da faɗa har muka ajiye shi.