Geron da Ya Je Coci Ya Dawo

Har yau in na ji ana daka, sai na tsaya na kasa kunne ko turmin da hatsi a ciki. Kakata ce ta jawo mani wannan hali.

Muna gidan haya a Ƙofar Kwaya, mu kaɗai ne Kirista a layin. Kakata tana da wata tsohuwar tukunya bayan ƙofa. Duk sadda za a ɗora girki, sai ta ɗebi dintsin gero ta zuba ciki. Ƙarshen wata ta kai wa zumuntar mata a coci, su haɗa su ba gidan da ke cikin rashi.

Wata damina babanmu, wanda birkila ne, ya faɗo daga kan gini ya karye. Wata uku yana kwance. Buhunmu ya koma kwano, cin abinci ya koma sau ɗaya a yini, amma dintsin nan bai fasa ba. Ranar da innarmu ta ga saura tiya guda, ta ce, "Iya, a dakata da tukunyar nan mana, yara na jin yunwa."

"Wanda ya ciyar da mu jiya bai yi tafiya ba," in ji kakata, ta zuba abinta. Ni kam haushi ya kama ni, don cikina kuka yake.

Sai dai tsohuwar akwai dogara ga Allah, akwai kuma jin kai. Ba ta son a san halin da muke ciki. Kullum da la'asar sai ta zuba dusa a turmi ta yi ta kirɓa da ƙarfi, wai maƙwabta su ji muna daka. Ta manta Hajiyar da muke katanga ɗaya ta shekara arba'in tana daka. Ashe tun rana ta farko Hajiya ta gane ƙarar dusa, ta tare matar fastonmu a kasuwa ta faɗa mata.

Ran Lahadi kakata ta ci ado ta kai geronta coci. Litinin da hantsi sai ga mata huɗu da sallama, ɗauke da buhu. Gero, dawa, masara, wake, duk a gauraye, dintsin gidaje da yawa. Kunya ta rufe kakata. Ta tsoma hannu ta daɗe tana dubawa, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ga nawa nan, na gane shi! Na aike shi coci ya dawo da abokai."

Tuwon ranar ba shi da launi ɗaya, amma ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Kwanon farko Hajiya aka miƙa wa ta kan katanga.

Yanzu inji ke niƙa, gari ma a leda nake saye, ba mai jin rashin maƙwabcinsa ta katanga. Amma ina da gwangwani bayan ƙofa, kuma watan da albashi ya makara ma ina zubawa. In na ji kamar in fasa, sai in tuna dariyar kakata in saki dintsin.